Sarƙar Agogo Mai Saƙar Sulke

 



Masu kula da wannan mujalla tamu sun nemi kowane mai sana'a ya riƙa rubuta wani abu a kan sana'arsa, don yaranmu su san cewa tuwon da ake ci a unguwar nan ba daga sama yake faɗowa ba. Da layi ya zo kaina wasu sun ɗauka wa'azi zan rubuta, tunda nakan ja salla a masallacin layinmu idan liman ba ya nan. To ni ɗan kasuwa ne, agogo nake sayarwa shekara talatin da ɗoriya, don haka a kan agogo zan yi magana. A cikin agogon ma, a kan sarƙarsa. A cikin sarƙar ma, a kan guda ɗaya, wato mai kama da raga ɗin nan da samarinmu suka ɗora wa ido a 'yan shekarun nan, wadda ake ɗaura wa manyan agogai masu zobe a fuska. Wani zai ce abin ya yi ƙanƙanta. Ku dai biyo ni, akwai sana'a a cikinta, akwai alwala, akwai kuma amana.

Ni mutumin Zadawa ne, can ƙasar Guddiri, ba nisa da Azare. A nan na yi allo, na yi Islamiyya, kafin mahaifina ya damƙa ni a hannun wani amininsa mai teburin agogo a Azare. A wancan lokacin maɗaurin agogo uku muka sani: na fata, na roba, da sarƙa mai gaɓa-gaɓa. Alhaji in ya dawo daga Makka, a hannunsa ake fara gane shi, ko Seiko 5 ko Rado. Malaman makaranta da ɗalibai kuwa Casio suke ɗaurawa, musamman ƙaramin baƙin nan F-91W da ya fito a 1989, wanda har gobe yana kasuwa. Mutum yana sayen agogo ne don ya san lokacin salla da lokacin mota. Da wayar hannu ta shigo ƙasar nan a 2001, sai kasuwarmu ta faɗi warwas, kowa ya koma duba lokaci a waya. Abokan sana'ata da yawa suka koma sayar da caja da batir. Mu da muka daure, sai ga shi agogo ya dawo ta wata ƙofa. Yanzu saurayi ba don lokaci yake sayensa ba, don ado ne. Kuma idan abu ya tashi daga amfani ya koma ado, a nan ne mai saye yake daina tambaya, mai sayarwa kuma ya sami damar yin shiru. Wannan shi ne dalilin rubutun nan.

Bari in fara da asalin abin. Waɗannan manyan agogai an yi su ne don masu nutso a cikin teku. Mai nutso yana goye da tukunyar iska a bayansa, iskar kuma ƙididdigagga ce, in ya wuce mintocinsa a ƙasa to sai dai wani ba shi ba. Saboda haka agogonsa ba ado ba ne, ransa ne a ɗaure a hannunsa. Kamfanin Blancpain na ƙasar Suwizalan ya fitar da nasa a 1953, Rolex ma ya zo da Submariner a daidai wannan zamani, Seiko na Japan kuma ya fitar da nasa na farko a 1965. Zoben da ke kewaye da gilashin, wanda samari ke juyawa suna jin daɗin ƙarar da yake yi, aikinsa shi ne mai nutso ya saita shi a kan hannun minti lokacin da zai shiga ruwa, ya riƙa ganin minti nawa ya ci. Ka lura da na ƙwarai, gefe ɗaya kawai yake juyawa. An yi haka ne don ko ya bugi dutse ya goce, ya nuna wa mai shi cewa ya daɗe fiye da yadda ya daɗe, ya fito da wuri. In ya goce ta ɗaya gefen, ai ka ga ya yaudare shi ke nan.

Ruwa yana da nauyi. Duk mita 10 da mutum ya yi ƙasa, matsin da ke kansa yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu a nan doron ƙasa. Mutanenmu masu yasar rijiya da masuntan kogin Jama'are sun san wannan a kunnuwansu, ko ba su san lissafinsa ba. To agogon da zai shiga irin wannan wuri, da me za a ɗaure shi? Fata ruwan gishiri yana ruɓar da ita. Roba tana yi, amma in ta tsufa sai ta tsage ba sallama. Sarƙa mai gaɓa-gaɓa kuwa kowace gaɓa ɗan fil ne ke riƙe da ita, fil ɗaya ya zare, agogo ya tafi ƙasan teku. Ita mai ragar ba ta da fil a tsakaninta. Waya ce ta ƙarfe ake naɗewa kamar sifirin, a murɗa wata a cikin wata, a murɗa wata a cikin wata, har ta zama shimfiɗa guda kamar tabarma, sannan a danne ta a inji, a yanka daidai faɗin agogo, a gyara bakinta. Ko waya ɗaya ta tsinke, maƙwabtanta suna riƙe da ita. Ruwa yana ratsa ta ya fice, ba ta riƙe danshi, kuma tana lanƙwasa ta bi hannu.

Iri biyu ce. Akwai mai ƙananan ido, sumul kamar yadi, wadda ake kira da sunan birnin Milan na Italiya. Maƙeran garin Pforzheim na Jamus, garin da ya shahara da ƙirar kayan ado, su suka ƙware a kanta, kuma kamfanin Staib da aka kafa a can a 1922 har yanzu yana yin ta. Akwai kuma mai kaurin waya da manyan ido, ita ce ainihin ta masu nutso. Ta yi suna ne tare da wani ƙaton agogon Omega da ake kira Ploprof, wanda ya fito wajen 1970, an yi shi don ma'aikatan da ke aiki a ƙarƙashin teku, irin masu gyaran bututun mai, kuma an rubuta masa mita 600. Masu talla suka ce ko kifin nan shak mai cin mutane ba zai iya tsinka ta ba, sunan ya bi ta har yau. Ta uku da ta cika kasuwa yanzu, siririya mai maganaɗisu a baki, ta bazu ne bayan Apple ya fitar da agogonsa a 2015. Ita ba ta nutso ba ce, ta ofis ce da gidan biki.

Wata shekara na je gida da babbar salla, na tafi da 'yan kaya kaɗan. Wani dattijo a Azare, wanda ya yi ƙuruciyarsa a cikin hidimar dawakin fada, ya ɗauki ɗaya daga cikin masu kaurin, ya juya ta, ya ɗaga ta a rana, sai ya ce, "Yaro, ai wannan sulke ne aka yanko." Wallahi duk bayanin da na taɓa ji a kan sarƙar nan babu wanda ya kai wannan. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan salla a Azare ko Kano ko Katsina ya ga barade sanye da rigar ƙarfe mai zobba. Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki wajen 1390 zuwa 1410, shi ya kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Bambancin kawai, sulke zobe-zobe ake haɗa shi, ita kuwa waya ce doguwa a murɗe. Amma hikimar ɗaya ce: ƙarfe ya yi laushi kamar tufa, ya kuma riƙe ƙarfinsa. Mu da muka yi allo mun san inda wannan sana'a ta samo albarka. A cikin Suratu Saba'i da Suratul Anbiya'i an ba mu labarin Annabi Dawuda, alaihis salam, yadda aka tausasa masa ƙarfe, aka sanar da shi ƙirar sulke, aka kuma umarce shi da ya auna saƙar daidai. Malamai suka yi bayani cewa kada ƙusa ta yi wa zobe kauri ta fasa shi, kada kuma ta yi siriri ta yi lako-lako. Ka ga ashe auna aiki daidai umarni ne tun daga can, ba ƙaƙale ba ne na Turawa. Kuma Annabi ne guda, sarki ne, amma daga aikin hannunsa yake ci.

To yaya za ka gane ta ƙwarai idan ka je saye, a wurina ko a wurin wani? Ga abin da nake dubawa ni kaina idan na je sari a Ikko.

Na farko, bakin sarƙar. Ka goga gefenta a jikin hannun rigarka. Idan tana kama zare, ba a gyara bakin wayar ba, za ta ci maka hannun riga, ta riƙa tsige maka gashin hannu. Masu manyan riguna na shadda su kula da wannan sosai, don aikin da aka biya kuɗi mai yawa a kansa sarƙar banza tana iya ɓata shi a Juma'a ɗaya.

Na biyu, ƙarfen. Ta ƙwarai da farin ƙarfe mara tsatsa ake yin ta, irin wanda muke ce wa silba, kuma mai kyansa shi ne wanda ake rubuta wa 316L. Ka kara mata maganaɗisu a tsakiya. In ya cafke ta da ƙarfi, ka yi hattara. In kuwa wani ƙarfe ne aka yi wa ruwan fari ko ruwan gwal, gumin Kurmi ba zai bar shi ya yi wata uku ba, zai koɗe, hannunka ya yi kore. Wasu mutanen kuma jikinsu ba ya shiri da wani ƙarfe da ake kira nikel, sai ka ga ƙuraje da ƙaiƙayi sun fito daidai inda sarƙar take kwanciya. Wanda ya ga haka ya cire ta, ba sammu ba ne.

Na uku, wurin da ta haɗu da agogo. Saƙar ba ta tsinkewa, gaskiya ne, amma 'yan fil biyu ne ke riƙe da ita a kunnen agogo, kuma nan ne lagonta. Ka ja ta da ɗan ƙarfi ka gani. Faɗin kunnen agogo yawanci milimita 18 ne ko 20 ko 22. Idan aka sa maka mai 20 a kunne mai 22, za ta riƙa zamewa tana cin fil har ya fita, wata rana kana kan babur agogo ya yi nasa wuri.

Na huɗu, makulli. Na masu nutso yana da murfi na biyu da ke danne na farko, wasu kuma suna da ƙari da ake buɗewa don agogo ya hau kan rigar robar da suke sawa. Mai maganaɗisu tana da daɗin sawa, amma ba ta riƙe agogo mai nauyi, kuma tana kwashe ƙurar ƙarfe. Makanikai da masu walda, wannan ba taku ba ce.

Wankinta kuwa ba wuya: tsohon buroshin goge baki da ruwan sabulu, a ɗauraye a shanya. A gida ƙurar hunturu ce ke cika idonta, a nan kuma gumi da danshi. In an bar ta sai ta yi wari, mutum yana ta zargin turarensa.

Yanzu maganar alwala, wadda ita aka fi tambayata a kai bayan salla. Fata ba ta jure ruwa sau biyar a yini, kowa ya san warin da take yi, shi ya sa masallata da yawa suka koma sarƙa. Sai wasu samari suka ce tunda mai raga ce, ruwa yana shiga da kansa, ba sai an taɓa ta ba. A'a. Mu a mazhabar Imamu Malik, kamar yadda muka karanta tun daga Ahalari da Ishmawi, cuɗanya tana cikin farillan alwala. Ba isar ruwa kaɗai ake nema ba, sai hannu ya bi gaɓar. Rangwamen da aka yi a kan zoben azurfa da shari'a ta yarda da shi, na zobe ne. Abin da na ji daga malamaina, kuma nake aiki da shi, shi ne agogo a tura shi gaba a wanke wurin, a dawo da shi baya a wanke, ko a cire shi gaba ɗaya in ya matse. Saboda haka kada ka ɗaure ta tamau, ka bar wurin da ɗan yatsa zai shiga. In ka cire kuma ka sa a aljihu, kada ka ajiye a kan dakalin alwala. Agogan da aka kawo mini cigiyarsu a masallaci ba su ƙirguwa. Zinariya kuwa ta gaske, kowa ya san ba ta halatta ga namiji ba, ko a wuya ko a hannu.

Agogon da aka rubuta wa 30M, kada lambar ta ruɗe ka. Fantsamar ruwan alwala da yayyafi kawai yake ɗauka, ba wanka ba, balle kogi. Na nutso na gaskiya akwai ƙa'idar duniya da ake gwada shi a kai, ISO 6425, kuma mafi ƙarancinsa mita 100 ne. Ɗan kan da ake saita lokaci da shi murɗa shi ake yi ya kulle kamar noti, a ciki kuma akwai zobban roba masu tare ruwa, waɗanda ke bushewa in sun tsufa. Duk sanda aka buɗe bayan agogo don canja batir, in ba a mayar da robar daidai ba, to ya tashi daga mai shiga ruwa.

Wannan ya kawo ni kan amana, wadda ita ce ta sa na zaɓi wannan magana. Kwanakin baya wani Bayarabe maƙwabcinmu, mai kiwon tarwaɗa, ya same ni a ƙofar masallaci bayan la'asar, riƙe da agogo. Ƙato ne, da zobensa, da sarƙarsa mai raga, an rubuta 200M a fuska. Gilashin ya yi gumi ta ciki, hannayen sun tsaya. Ya ce wani yaro mai yawo da agogo a faranti ne ya sayar masa, ya rantse masa cewa ko a teku zai kwana ba abin da zai same shi. Shi kuwa sana'arsa kullum hannu a ruwa, shi ya sa ya biya kuɗin da ya biya. Kwana biyu agogo ya yi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda ya faɗi maganar. Bai ce wani yaro ya cuce shi ba. Cewa ya yi, "Alfa, Bahaushe ya cuce ni."

Muka sa aka nemo yaron. Ya ce, "Wallahi Baba, ni ma haka na gani a rubuce." Na ce masa, "Ɗana, nawa ka saro shi?" Ya faɗa. Na ce, "Kai a ranka, agogon wannan kuɗin zai kwana a teku?" Sai ya sunkuyar da kai. Maigidansa ya zo, aka mayar wa mutumin da kuɗinsa, aka ba shi haƙuri, aka rabu lafiya. Shari'a ma abin da ta ce ke nan: wanda ya sayi kaya ya tarar da aibin da aka ɓoye masa, yana da haƙƙin mayarwa. Kuma duk mun san labarin da ya zo a cikin Sahihu Muslim, na ranar da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya sa hannu cikin tarin hatsi a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tambayi mai shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama ba yadda mutane za su gani.

Jama'a, mu baƙi ne a garin nan, ko da kuwa an haifi kakan mutum a nan. Tun 1916 aka kafa Sabon Badun, kuma abin da ya riƙe ta ba gini ba ne. Cinikin shanu da na goro da iyayenmu suka yi, yawancinsa bashi ne a kan magana. Mahauci ya karɓi sa ya yanka, ya biya daga baya, don maigida ya tsaya masa. Mai goro ya ɗora kaya a mota zuwa Arewa ba tare da takarda ba, don an san gidan da ya sauka. Wannan sunan shi ne jarin da aka bar mana, kuma ba na mutum ɗaya ba ne. A Zadawa in ka cuci mutum, sunanka da na gidanku ne zai ɓaci. A nan kuwa in ka cuci mutum, sunan mai shayi da mai nama da mai canji da mai gadi duk ka taɓa, mutanen da ba su san ma an yi ba. Wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Ban ce kada a sayar da mai araha ba. Ni ma ina sayarwa, don ba kowa ke da kuɗin Seiko ba, kuma talaka ma yana son ya yi kyau ranar salla. Abin da nake cewa shi ne a faɗa. "Wannan kwaikwayo ne, sunan da ke jikinsa ba nasa ba ne. Wannan na ado ne, kada ya shiga ruwa. Wannan sarƙar za ta koɗe, waccan ba za ta koɗe ba, ga bambancin kuɗinsu." Sau da yawa in ka faɗi haka mutum ya saya duk da haka, ya kuma dawo da ɗan uwansa. Wani lokacin kuma ya ajiye ya tafi wurin wanda zai yi masa rantsuwa. Ka bar shi ya tafi, abincinka ba ya cikin aljihunsa. Masu gida kuma, ku da kuke ɗora wa yara faranti, ku koya musu kayan kafin ku koya musu farashi. Yaron da bai san abin da yake ɗauke da shi ba, da rantsuwa zai cike gurbin, alhakin kuma da ku a ciki.

Ku kuma samari masu saye, araha ba ta ado, amma bashi ma ba ya ado. Na sha ganin yaro ya karɓi agogo biya-kaɗan-kaɗan don bikin aboki, sarƙa ta koɗe tun bai gama biya ba. In kana son mai ragar nan, ka sayi agogo madaidaici mai suna na gaskiya, ka sa masa sarƙa ta ƙwarai, za ta yi maka shekaru, har ka cire ta ka mayar wa wani agogon. Wanda yake da tambaya ya same ni a rumfa, duba kaya ba na karɓar ko kwabo, ko ba a wurina aka saya ba.

Allah Ya sa albarka a kasuwancinmu, Ya tsare mu daga cin haƙƙin mutane, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, Ya jiƙan iyayenmu da suka kafa mana wannan unguwa.